Ranar da Tata Ya Riga Ni Dariya

Da yawa daga cikinku kun aiko kuna tambayata me ya hana ni ba Traian amsa, tunda ba mummuna ba ne, ba mashayi ba ne, kuma bai ɓoye wata mata a birnin Torino na Italiya ba. Wata ma cewa ta yi yanga ce kawai ke damuna. To 'yar'uwa, gyara zama ki ji.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni kuma, sunana Otilia. Ina aiki a wani kemis a nan Braila, ina zaune da mahaifina a hawa na uku na wani tsohon bene da ke kallon kogi. Mama tana Italiya tana jinyar wata tsohuwa. Tata kuwa, haka nake kiran mahaifina, duk rayuwarsa jirgin dakon hatsi ya tuƙa a kan kogin Dunarea, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar banɗaki bara da sanyi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Yanzu dai alhamdu lillahi yana takawa da sanda, yana wanka da kansa. Yayarsa, Tanti Florica, tana hawa na ɗaya, ita ke hawo masa da abincin rana.

Abu guda ne ba mai yi sai ni.

Likita ya ce kada a bar shi shiru yana kallon bango. Labarai suna tayar masa da jini, tashoshin gida kuma talla ta fi shirin yawa, sai na sayo na'urar faifai na ajiye a ƙarƙashin talabijin. Amma kun san yadda finafinan waje ke zuwa mana, magana da yarensu, fassarar a rubuce a ƙasan allo. Tun da ciwon ya same shi haruffa suka riƙa guje masa, kafin ya haɗa kalma biyu layin ya wuce. Saboda haka kullum idan na taso aiki sai in jawo kujera kusa da tasa, in karanta masa da ƙarfi. Kashi ɗaya kowace yamma. Ni ce ɗan sanda, ni ce ɓarawo, ni ce matar ɓarawon. Ƙawayena sun gaji da gayyatata sun daina.

Ana cikin haka watan Agusta ya kama, 'yan ci-rani suka fara dawowa hutu, layinmu ya cika da motoci masu lambar Italiya. Ina cikin kemis saƙon Mama ya shigo:

"Traian ya iso jiya. Gobe zai zo gaishe da Tata. Ki sa rigar nan shuɗiya. Kada ki ɗaure masa fuska."

Na rubuta: "Mama, ni fa ban ce ina so ba."

"Ban ce kin ce ba. Ki gyara gashinki."

A coci Mama ta haɗu da mahaifiyarsa can Torino, suka gama shirinsu su biyu. Bara mun gaisa da shi a wani biki, tun daga nan yake turo min saƙo jefi-jefi. Aikin shimfiɗa tayil yake yi, yana da motar kayansa, yana da ma'aikata biyu a ƙarƙashinsa. Tanti Florica kuwa tun da ta ji labari ta hana ni sakat.

"Otilia, a shekarunki na yaye uku," in ji ta tana goge kabad ɗin gilashi da ba wanda ya sa ta. "Kina zaune kina yi wa tsoho muryar 'yan sanda. Talabijin za ki aura?"

"Ƙanenki ne fa tsohon, Tanti."

"Shi ya sa nake da bakin faɗa."

Ban sa shuɗiyar ba. Wata mai ruwan toka na sa, mai ƙananan furanni a wuya, na ɗaure gashina baya. Traian ya zo da farar riga an goge ta har tana ƙyalli, takalmi mai tsini, wuyansa rana ta ƙona shi ja. Hannunsa da muka gaisa kaushi kamar bayan itacen kuka. Ya kawo furanni, ya kawo kankana da sai da ya huta sau biyu a matakala, sannan ya fito da wani akwatin faifai daga leda yana murmushi, ya kira Tata da sunansa cikin girmamawa.

"Nea Stelian, an ce min kana son fim mai dogon zango. Wannan duk Italiya shi ake kallo."

Ina kicin ina yanka kankana ya saka. Laifina ke nan, da ban duba bayan kwalin ba. Ina fitowa da faranti na ji jiniyar motar asibiti. A allon ana gudu da wani dattijo a kan gadon turawa, bakinsa a karkace, matarsa na bin su tana kuka. Na juya na dubi Tata. Hannunsa na hagu ya damƙe hannun kujera, ya juya fuskarsa wajen labule.

Na kashe. Muka ci kankana ba mai magana sai Tanti Florica, wadda ta ba da labarin farashin barkono har sau biyu.

Da na raka shi matakala ban rage masa komai ba. "Wa ke kai wa mai ciwo hoton ciwonsa? Ko kwalin ba ka duba ba?"

"Na duba. Ban yi tunani ba ne." Ya tsaya yana juya makullin mota a hannu. Na zaci zai ce ai fim ne kawai, na ma shirya amsar da zan ba shi. Sai ya ce, "To koya min."

"In koya maka me?"

"Yadda ake zaɓa."

Na rufe ƙofa. A raina na ce, na ga irinku, gobe ka manta.

Washegari ina rufe kemis na gan shi jingine da motarsa, ya canza takalmin nan mai tsini zuwa silifas. Haka muka taka har shagon Tanti Aurica, mai ba da hayar faifai a ƙasan benen da ke bayan kasuwa. Shago ne ɗan ƙarami, fanka ɗaya, kanta har rufi. Ta dube shi ta saman tabarau, ta dube ni.

"Yau an samo mai riƙe jaka ke nan."

"Ɗalibi ne, Tanti."

"Haka nawa ma ya fara, Allah ya ji ƙansa."

Traian ya fara zaro kwalaye. Na farko na lauyoyi ne.

"A'a. Suna magana kamar ana korarsu. Na taɓa gwada irinsa, kafin rabin kashi numfashina ya ƙare."

Ya zaro wani mai hoton mutane cike da kwalin, kowa da takobi.

"Ƙirga kawunan. Idan mutanen fim sun fi mutanen da za su zauna a teburi ɗaya, Tata zai rikice, ni ma in rikice."

"Wannan fa? An rubuta na ban dariya ne."

"Irin wanda ake sa dariyar mutane a baya ne. Tata yana jin haushi a gaya masa inda zai yi dariya."

Ya mayar da shi a hankali. "To me ya rage a duniya?"

Sai na ga da gaske yake tambaya, na gaya masa yadda nake yi. Kowane kashi ya zama labarinsa ya ƙare a ranar, don kada tsoho ya kwana da tunani. Mutanen ciki su zama suna da aikin yi, ba su zauna a falo suna zargin juna ba. Kada in ɗauki wanda shagon ba shi da ƙarshensa, don mun taɓa bin wani har tsakiya aka ce sauran faifan wani ya tafi da su Sifen, Tata ya yi kwanaki yana fushi da ni kamar ni na kai su. Kada in yarda da abin da aka rubuta a bayan kwali, gara in sa Tanti Aurica ta saka min farkonsa a ƙaramin talabijin ɗinta in gani da idona. Sannan in juya faifan a haske, idan ya karce, a daidai wurin daɗi zai tsaya.

"Kuma," in ji Tanti Aurica, "ka tambayi wanda ya dawo da shi a makare. Fim mai kyau ba ya dawowa a kan lokaci."

Traian ya durƙusa yana duba kantar ƙasa, inda ƙura ta fi yawa. Can ya taso da wani kwali da rana ta cinye launinsa. Na mutanen arewa ne, can inda teku ke daskarewa. Wani tsohon matuƙin jirgin fito ne da ke kai mutane tsakanin tsibirai biyu, da ƙanwarsa mai sayar da tikiti, da wani makaniki da ba sa shiri. Kowane kashi da fasinjan da zai zo da matsalarsa.

"Ba wanda ya taɓa ɗaukarsa," in ji Tanti Aurica. "Sai su yi minti guda suna kallon ruwa kafin wani ya ce uffan."

"Jirgi ne," na ce. "Zai tuna masa abin da ya rasa."

"Asibiti abin da ya faɗo masa ne," in ji Traian. "Jirgi kuwa nasa ne. In ni ne na kwanta, zan so in ga ana shimfiɗa tayil, ko don in zagi mai yi."

Muka kalli farkonsa a tsaye, na juya faifan a haske, muka ɗauka.

A hanyar dawowa ta bakin kogi muka bi, yana cin masara dafaffiya. A nan ya yi maganar, ba kwana-kwana. Ya ce ran Lahadi ta sama zai koma, ya ce yana da ɗaki biyu da baranda, ya ce akwai kemis a can ma, kuma Mama tana unguwar da bas ɗaya ke kaiwa. Ya ce ba ya son amsar da iyaye suka rubuta, tawa yake so.

Na ce, "Wa zai karanta wa Tata?"

"Tanti Florica."

"An gwada. Tana karanta layi ɗaya ta yi sharhi uku, sannan ta faɗi wanda take zargi. Tata ya jefe ta da matashi."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ni kuwa na ji daɗin amsata, don amsa ce da ba mai iya ja da ita. Ko Mama idan na ce mata haka sai ta canza magana.

Ranar da muka saka fim ɗin ina ta satar kallon Tata. Jirgin ya taso daga tsibiri, ya doshi gaɓa, makanikin ya jefa igiya ya ɗaure. Sai Tata ya ɗago daga jikin kujera ya nuna allon da sandarsa.

"Ja... jaki," ya ce. "Ba haka ba. Igiya."

Tun da ya kwanta ban ji muryarsa da irin wannan ƙarfin ba. Ya sa aka mayar baya ya sake gani, ya sake zagin makanikin. Traian ya kalle ni, kunnuwansa har motsi suke.

Daga ranar ya zama kullum yana nan. Muka raba aiki, shi muryar maza, ni ta mata. Kuma in faɗa muku gaskiya, karatunsa ba daɗi. Yana karanta maganar soyayya kamar yana karanta takardar wutar lantarki. Tanti Florica ta fara hawowa da naɗin kabeji da mamaliga, wato tuwon masararmu, da cuku, wai ta yi da yawa ne ba da niyya ba. Mama kuma kowace safiya: "Yaya?" Ni kuma: "Lafiya." Ita kuma: "Ba lafiya na tambaya ba."

Ran Laraba muna tsakiyar wani kashi, ƙanwar matuƙin tana faɗa da wani fasinja da ya shigo da akuya ba tikiti. Layin nawa ne. Na tsaya in kurɓi ruwa, sai Tata ya fashe da dariya, har da buga sanda a ƙasa. Na ajiye kofin na karanta layin, ni ma na yi dariya, muka wuce. Ban kawo komai a raina ba.

Ina wanke kwanuka Traian ya shigo kicin ya ja ƙofa.

"Otilia, ya yi dariya kafin ki karanta."

"Akuyar ya gani."

"Akuyar ba ta allon a lokacin. Fuskar matar ce kawai. Maganar ce abin dariyar, kuma da yarensu ta yi ta." Ya sauke murya. "Ba yau ya fara ba. Jiya ma na ga leɓensa yana motsi kafin in kai ƙarshen layi."

Raina ya ɓaci. "Wato don in bi ka shi ne za ka ce mahaifina maƙaryaci ne?"

"Ban ce ba."

"Ka zo mako guda ka fi ni sanin sa?"

Ya ɗauki tawul ya goge faranti ɗaya, ya ajiye. "Gobe zan kai ƙanen mahaifiyata ƙauye, ba zan zo ba. Ki duba da kanki. In na yi kuskure ki kira ni ki zage ni, ina da kuɗin waya."

Ran Alhamis a kemis sau biyu ina miƙa wa mutum canjin da ba nasa ba. Na dawo gida, na cire takalmi, na sa tsohuwar rigar Mama ta zaman gida, na saka faifan. Mu biyu kawai, labule a sauke saboda rana, fanka na juyawa. Na karanta daidai har wajen tsakiya. Sai aka zo inda matuƙin ke tsaye da makanikin a bakin jirgi, rubutun ya fito: "Gobe iska za ta juya, kada ka fita."

Na ce, "Gobe kifi zai yi araha, ka sayo min."

Shiru. Na ci gaba da kallon allon. Layi na gaba ma na ƙirƙiro nawa.

"Ba haka... ya ce ba."

Na danna rimot, hoton ya tsaya. Tata yana kallon gwiwarsa.

"Me ya ce, Tata?"

"Iska," ya ce a hankali. "Za ta juya."

"Tun yaushe?"

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. "Ista."

Tun bikin Ista, watanni huɗu ke nan. Dusar ƙanƙara ta narke, lokacin 'ya'yan itacen ceri ya zo ya wuce, aka shiga kankana, ina zaune ina yi wa mutum muryar 'yan sanda alhali yana riga ni kai ƙarshen layi. Na tuna bikin ƙawata Sanda da na baro tun ba a yanka kek ba don kada ya rasa kashin ranar. Na miƙe tsaye, na koma na zauna.

"Me ya sa?"

"In na iya," ya ce, yana tsayawa bayan kowace kalma, "za ki kawo faifai. Ki saka. Ki fita." Ya goge gefen bakinsa da hannun hagu. "Mamarki ta tafi. Ta zama waya. Ke ma..."

Bai ƙarasa ba. Ni ma ban taimaka masa ba, ko da yake na saba ƙarasa masa magana. Fushi nake ji, da tausayi, da wani farin ciki da ban san inda zan ajiye shi ba, don mahaifina yana karatu. Mutumin da likita ya ce mu rage sa rai yana karatu. Na kama hannunsa na dama, wanda ba ya ji sosai, na riƙe.

"Na tsare ki," ya ce. "Ba kyau. Ki yafe, 'yar Tata."

"Da ka faɗa min ai da zan zauna duk da haka."

Ya kalle ni ta gefen ido, irin kallon da yake yi wa makanikin fim. Ya san ni, na san shi. Da na zauna mako ɗaya, biyu, sannan in fara cewa na gaji.

"Yaron nan," ya ce. "Karatu... ba daɗi."

"Ko kaɗan."

"Amma yana jira. In gama dariya. Sannan ya ci gaba." Ya gyaɗa kai. "Ke ba kya jira."

Wayata ta yi ƙara a kan teburi. Mama ce: "Lahadi fa ta kusa. Me kika ce masa?" Na kalli saƙon na rasa abin rubutawa. Amsar da nake ba kowa, wadda ba mai ja da ita, ta tashi daga hannuna. Abin da ya rage tambaya ce da ban taɓa zama na yi wa kaina ba: ni, Otilia, ina son mutumin nan ko ba na so? Ina son barin kogin nan ko ba na so? Ku da kuke cewa yanga ce, ga gaskiyar. Ban sani ba, kuma ban taɓa buƙatar in sani ba sai ranar.

Tata ya miƙo hannun hagu ya zare rimot daga cinyata. Ya lalubi maɓallin da babban yatsa, ya danna, jirgin ya ci gaba da tafiya.

"Fita," ya ce, idonsa a allon. "Ina kallo."

Haka na fito da rigar zaman gida da silifas, gashina a hargitse, waya a hannu. Niyyata in je bakin kogi in sha iska. Na wuce ƙofar Tanti Florica a hankali don kada ta ji ni. Ina tura ƙofar bene na ga Traian zaune a benci, wandonsa duk ƙurar ƙauye, da leda a gefensa.

"Ba ka ce ba za ka zo ba?"

"Ban hau ba ai. Jira nake a kira ni a zage ni." Ya dubi fuskata da kyau, ya ga idona. Bai ce ai na gaya miki ba. Ya matsa ya ba ni wuri, na zauna.

"Yana karatu," na ce.

"Madalla."

Wasu mata suka wuce da kwandon tumatir suna kallonmu. Sai ya buɗe ledar ya fito da kwali, irin na wancan, launinsa a koɗe.

"Na biya ta wajen Tanti Aurica. Ashe akwai zango na biyu, a bayan kanta ya faɗa. Na duba shi a haske, bai karce ba." Ya ɗora min a cinya. "Ya fi na farko tsawo. Ko kashi biyu muke kallo a rana ba zai ƙare kafin Lahadi ba."

"To?"

"To ni dai ba na barin fim a tsakiya, ke kika koya min." Ya juyo ya fuskance ni sosai. "Ɗayanmu zai canza shiri, Otilia. Ko ni, ko ke. Faɗa min wanne."

Daga taga ta hawa na uku na jiyo Tata yana zagin makanikin shi kaɗai.